Jami'ar Katolika ta Yawunde: Abin da ya kamata iyaye Hausawa su sani

Duk shekara idan sakamakon jarrabawar bakaloriya ya fito, gidaje da dama a unguwannin Briqueterie da Nkomkana da Tsinga na birnin Yawunde kan zauna shawarar inda yaro ko yarinya za su ci gaba da karatu. Mafi yawa kan nufi jami'o'in gwamnati biyu da ke kusa, wato Yawunde ta ɗaya a Ngoa-Ekelle da Yawunde ta biyu a Soa. Masu hali kan duba Najeriya ko Maroko ko Turkiyya. Akwai kuma wata jami'a da sunanta kan faɗo cikin hirar, a yabi karatunta, sannan a yi jim saboda sunan da take ɗauke da shi. Ita ce Jami'ar Katolika ta Yankin Tsakiyar Afirka, wadda aka fi sani da UCAC, wasu kuma su ce mata "Kato" a taƙaice.

Makarantarta ta koyon aikin lafiya tana Messa, cikin gunduma ta biyu ta Yawunde, wato gunduma ɗaya da Briqueterie da Nkomkana da kasuwar Mokolo. Duk da wannan kusanci, iyaye da yawa ba su san wanda ya mallake ta ba, ko abin da ake koyarwa a cikinta, ko matsayin ɗalibin da ba Kirista ba. Wasu kan guje ta bisa jita-jita, wasu kuma kan zuba kuɗi ba tare da sun yi tambayar da ta dace ba. Dukansu biyu na iya jawo wa yaro asara.

Wa ya kafa ta?

UCAC mallakar bishop-bishop ɗin ɗarikar Katolika ne na ƙasashe shida: Kamaru, Cadi, Gabon, Kwango Brazzaville, Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya da Gini Ikwatoriyal. Suna da ƙungiya ɗaya mai suna ACERAC, kuma ita ce ta yanke shawarar kafa jami'ar. A watan Yulin 1989 Fadar Vatikan da gwamnatin Kamaru suka sa hannu kan yarjejeniyar da ta ba cibiyar mazauni a Yawunde, da sunan Institut Catholique de Yaoundé. An fara karatu a 1991.

Waɗannan ƙasashe shida su ne dai mambobin ƙungiyar tattalin arziki ta CEMAC, masu kashe sefa iri ɗaya, kuma kusan ko'ina a cikinsu akwai zangon Hausawa ko 'yan kasuwarsu, daga Njamena zuwa Libreville da Bangui. Don haka tun daga tushe an gina jami'ar ne domin yanki baki ɗaya. Ɗalibin da ya shiga aji a can zai zauna da 'yan Cadi da 'yan Gabon da 'yan Kwango, abin da zai iya zama jari ga wanda danginsa ke fatauci a tsakanin ƙasashen nan.

Hedikwatarta tana Nkolbisson a yammacin birnin. Tana da wata haraba a Ekounou, sai ta Messa. A wajen Yawunde akwai cibiyar koyon aikin injiniya da ake kira UCAC-ICAM, a Duwala da kuma Pointe-Noire ta ƙasar Kwango, wadda aka kafa a farkon shekarun 2000 tare da haɗin gwiwar makarantar ICAM ta Faransa.

Lokacin da aka haife ta

Sanin halin da Kamaru ke ciki a wancan lokaci yana taimakawa wajen gane dalilin da ya sa jami'ar ta yi suna da wuri. Daga 1962 har zuwa farkon shekarun 1990, Jami'ar Yawunde ce kaɗai cikakkiyar jami'a a ƙasar. Ɗalibai sun yi mata yawa, ɗakunan lacca sun cika sun batse, tattalin arziki ya shiga matsi tun daga tsakiyar shekarun 1980. A 1991, shekarar da UCAC ta buɗe, ƙasar na cikin yajin aikin gama-gari da aka yi wa laƙabi da "matattun birane", ɗaliban jami'ar gwamnati kuma na ta zanga-zanga.

A 1993 gwamnati ta yi garambawul. Ta samar da jami'o'i shida, wato Yawunde ta ɗaya da ta biyu, Duwala, Dschang, Buea da Ngaundere. Ta soke alawus ɗin da aka saba ba ɗalibai, ta sa kuɗin rajista na sefa 50,000 a shekara. A shekarar aka zabtare albashin ma'aikata, sannan a watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Daga baya an ƙara jami'ar Marwa a 2008, ta Bamenda a 2010, sai na Garwa da Bertoua da Ebolowa a 2022.

A cikin wannan ruɗani, makarantar da ke fara zango kan lokaci, ta gama kan lokaci, da ajujuwan da malami zai iya sanin sunan ɗalibinsa, ba ta sha wahalar jan hankalin iyaye da kamfanoni ba. Sai a 2001 aka yi dokar da ta tsara manyan makarantu masu zaman kansu a ƙasar, wadda ta buɗe ƙofa ga ɗimbin cibiyoyin da ake gani yanzu a kowane lungu na Yawunde da Duwala. UCAC ta riga su da shekara goma.

Gida ɗaya, ɗaki biyu

Abu mafi muhimmanci da ya kamata uba ko uwa su gane shi ne cewa karatun UCAC ya kasu gida biyu.

Kashi na farko karatun coci ne: tauhidin Kirista, da dokokin cocin Katolika, da falsafa. Waɗannan fannoni suna ƙarƙashin kulawar Vatikan, kuma galibin masu karatun tauhidi da dokokin coci limamai ne, ko masu shirin zama limamai, ko mata masu hidimar coci. Falsafa ta ɗan bambanta, domin ko da yake tana cikin matakan horar da limamai, fanni ne da wanda ba limami ba ma ke karantawa.

Kashi na biyu karatun kowa da kowa ne, kuma a nan yawancin ɗalibai suke. Akwai tsangayar nazarin zamantakewa da gudanarwa, inda ake koyon akanta, harkar kuɗi, kasuwanci, kula da ma'aikata, tattalin arziki da nazarin al'umma. Limaman Jezuwit ne suka ɗora tubalinta, ƙarƙashin jagorancin Denis Maugenest, wani Bafaranshe da daga baya ya koma Abidjan ya jagoranci wata cibiyar bincike. Akwai tsangayar shari'a da kimiyyar siyasa. Akwai cibiyar APDHAC da ta yi fice wajen digiri na biyu kan haƙƙin ɗan Adam da ayyukan jinƙai. Sai makarantar Messa, wadda asalinta makarantar horar da ma'aikatan jinya ce ta 'yan mishan, ta kuma girmi jami'ar kanta.

Yaron da ya shiga fannin akanta zai kwana kan tsarin lissafin kamfanoni na OHADA ne, wanda doka ta wajabta wa kamfanoni a ƙasashe 17, ciki har da Kamaru da Cadi da Nijar. Yarinyar da ta shiga Messa za ta koyi aikin jinya ko aikin ɗakin gwaji ko kula da asibiti. Babu mai karanta tauhidin Kirista a matsayin fanninsa sai wanda ya nemi wannan tsangaya da kansa.

Me ake nufi da ilimi mai faɗi?

A Amurka akwai wani rukunin jami'o'i, da yawansu na coci-coci, da ke tunƙaho da abin da Faransawa ke kira arts libéraux. Manufar ita ce kada a tsare ɗalibi cikin sana'a ɗaya tun ranar farko. A fara koya masa tunani da rubutu da muhawara da tarihi da ɗa'a, sannan ya ƙware a fanninsa. Ƙasashe renon Faransa ba su bin wannan tsari sak, domin ɗalibi kan zaɓi fanni tun shekarar farko. Amma jami'o'in Katolika sun riƙe wani ɓangare nasa: suna so akanta ya san ɗa'ar aiki, lauya ya san falsafa, ma'aikacin jinya ya san mutuncin majinyaci.

Tunanin tsoho ne. A makarantun Turai na tsakiyar zamani ana fara wa ɗalibi da fannoni bakwai: nahawu, balaga da manɗiƙi, sannan lissafi, ilimin awo, ilimin taurari da na sautin kiɗa. Wanda ya taɓa zama a zauren malami a Kano ko Zariya ko Garwa zai ji sunayen farko ba baƙi ba ne. Almajirin ilimi ba ya tsayawa kan fiƙihu kaɗai, sai ya bi ta nahawu da lugga da balaga, wasu su ƙara da manɗiƙi da hisabi. Ƙasar Katsina ta fitar da Muhammad al-Katsinawi, masanin lissafi da taurari da ya rasu a Alƙahira a 1741. Shi kansa Toma Akwinas, malamin da cocin Katolika ke ji da shi a fagen falsafa, ya yi nazarin littattafan Ibn Sina da Ibn Rushd da aka fassara zuwa Latin, ya karɓi wasu ra'ayoyinsu, ya yi jayayya da wasu.

Amfanin irin wannan karatu a aikace yake bayyana. Kamfani na iya koya wa sabon ma'aikaci manhajar kwamfuta cikin mako biyu, amma koya masa rubuta rahoto mai ma'ana da Faransanci, ko tsayawa gaban manya ya kare hujjarsa, aikin shekaru ne. Ga yaron da ya tashi da Hausa a gida, Fulatanci ko Faransancin titi a kasuwa, wannan horo na rubutu da magana na iya zama abu mafi tsada da zai fito da shi.

Matsayin ɗalibi Musulmi

Ana shiga UCAC ta hanyar jarrabawar gasa, wato konkur, kuma takardar baftisma ba ta cikin sharuɗɗan shiga fannonin kowa da kowa. Akwai Musulmi a cikin ɗalibanta, 'yan Kamaru da 'yan ƙasashen maƙwabta.

Cocin Katolika na da rubutacciyar doka kan jami'o'inta, wadda Fafaroma John Paul na biyu ya fitar a 1990 da sunan Ex Corde Ecclesiae. Dokar ta tanadi abubuwa da dama da suka shafi wanda ba ɗan ɗarikar ba. Ta ce a mutunta 'yancin kowa na bin abin da ya yi imani da shi. Ta ce malamai da ɗaliban da ba Katolika ba su san cewa makarantar ta Katolika ce, su kuma girmama hakan. Ta buƙaci malaman da ba Katolika ba kada su zama su ne mafi rinjaye. Ta kuma ce a haɗa karatun sana'a da tarbiyyar ɗa'a da koyarwar coci kan zamantakewa, a kuma samar da darussan aƙidar Katolika ga ɗalibai.

Ma'anar wannan a fili take. Ɗalibi zai ga gicciye a bango, zai ga majami'a a haraba, zai ga limamai cikin malamai da shugabanni, manyan bukukuwan jami'a kuma kan zo da addu'ar coci. A darasin ɗa'a zai ji yadda cocin ke kallon aiki da dukiya da iyali. Wani abin zai yi daidai da abin da ya taso da shi, kamar tsare amana da tausayin talaka, wani kuma zai saɓa. Dokar ba ta ba kowa damar tilasta masa barin addininsa ba, haka kuma ba ta yi alkawarin cewa makarantar za ta ɓoye nata addinin saboda shi ba.

Dangantakar cocin da Musulmi a hukumance ta sauya tun 1965, lokacin da babban taron Vatikan na biyu ya fitar da sanarwar Nostra Aetate, wadda ta yi maganar Musulmi da girmamawa ta kuma yi kira ga fahimtar juna. A Yawunde ma an ga alamar hakan: John Paul na biyu ya gana da shugabannin Musulmi a ziyararsa ta 1985, Benedict na 16 ya yi haka a watan Maris na 2009.

Inda ɗari-ɗarin ya samo asali

Tsoron da iyaye ke yi yana da tarihi. A farkon mulkin mallaka, makarantar boko a wurare da yawa tana hannun 'yan mishan ne, kuma manufarsu ta farko yaɗa addini ce, ba su ɓoye ba. A Arewacin Najeriya Turawan Ingila sun taƙaita shigar mishan cikin masarautun Musulmi don gudun rikici da sarakuna. Inda aka ba su dama, kamar Zariya da Wusasa inda Dokta Walter Miller ya yi aiki, an samu gidajen Hausawa da suka karɓi Kiristanci, zuriyarsu na nan har yau. A Kamaru makarantun mishan sun yi yawa a kudu, suka yi ƙaranci a arewa, tazarar karatun da ke tsakanin yankunan biyu kuma ba ta gama rufewa ba.

Hausawan da suka sauka Yawunde tun zamanin Jamus sun zo ne da fatauci. Suka riƙe kasuwar shanu da nama, da ɗinki, da sayar da yadi, da tsiren da ya sa ake tururuwa zuwa Briqueterie da dare. Makarantar allo ta wadatar wajen tsare addini, kasuwa ta wadatar wajen ci da iyali, don haka ba a ga dalilin kai yaro hannun fada ba.

Sai dai zamani ya nuna wani gefen. Kwalejin Mazenod ta Katolika a Ngaundere ta yaye Musulmi masu yawa. A Yamai, makarantar Mariama ta 'yan mishan cike take da 'ya'yan Musulmi. Asibitin Galmi da ke tsakanin Konni da Madawa na mishan ne, amma Hausawan Nijar da na Najeriya ke cika shi. Jama'a sun daɗe da koyon yadda za su amfana da cibiyar wani addini su kuma riƙe nasu. Bambancin jami'a shi ne yaron ya riga ya girma, yana da shekara 18 ko fiye, kuma abin da aka shuka masa a gida ne zai bi shi can.

Batun kuɗi

Ga yawancin gidaje, abin da ke yanke hukunci shi ne aljihu. Kuɗin shekara a UCAC ya bambanta daga fanni zuwa fanni, amma ana maganar ɗaruruwan dubban sefa ne, wato ninkin-ba-ninkin sefa 50,000 na jami'ar gwamnati. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi a yawancin kamfanoni masu zaman kansu yake sefa 60,000 a wata tun 2023, wannan ba ƙaramin nauyi ba ne.

Bayan kuɗin makaranta akwai na mota, domin Nkolbisson da Ekounou ba nan kusa ba ne ga mazaunin Nkomkana, ga cunkoson safiya. Akwai kwamfuta da intanet da littattafai da tufafin da suka dace da ƙa'idar makaranta. Wanda ya zo daga Cadi ko Gabon zai ƙara da haya da abinci. Lisans shekara uku ne, masta kuma ƙarin biyu, bisa tsarin LMD da ƙasashen yankin suka runguma. Uban da ke da kuɗin shekara ɗaya kawai, da fatan Allah zai kawo na gaba, yana iya barin yaro a tsakiyar kogi. Gara a yi lissafin shekara uku tun farko, a zauna da 'yan uwa a san wanda zai ɗauki wane kaso, a kuma tambayi ofishin jami'ar ko ana biya kashi-kashi da ko akwai tallafi ga masu ƙaramin ƙarfi.

Jami'ar gwamnati ba abin rainawa ba ce. Manyan likitoci da alƙalai da injiniyoyin ƙasar da yawa daga can suka fito, wasu malaman ma su ne ke koyarwa a ɓangarorin biyu. Abin da ƙarin kuɗin ke saya shi ne ƙaramin aji, da bibiyar ɗalibi, da zango mai tsari, da hanyar samun horon aiki a kamfani. Yaro mai himma da iya tsare kansa zai yi nasara a Soa ko Ngoa-Ekelle. Wanda ke buƙatar a sa masa ido zai fi cin moriyar wuri mai tsauri.

Darajar takardar

Tambaya ta biyu bayan kuɗi ita ce ko gwamnati ta san da takardar. A Kamaru, cibiyoyi masu zaman kansu na aiki ne da izinin Ma'aikatar Ilimi Mai Zurfi, kuma yawancinsu suna ƙarƙashin kulawar wata jami'ar gwamnati wadda ke tabbatar da digirin. Matsayin UCAC ya ɗan bambanta saboda yarjejeniyar 1989, da wata ta 1995 tsakanin Vatikan da Kamaru kan amincewa da takardun da cibiyar ke bayarwa.

Ga wanda zai koma wata ƙasa da takardar, akwai hukumar CAMES mai mazauni a Wagadugu, wadda ke tantance digirori a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci. Tana tantancewa ne digiri bayan digiri, don haka a tambayi matsayin ainihin fannin da yaro zai karanta. Ɗan Najeriya kuwa sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta tantance takardarsa kafin ya yi hidimar ƙasa. Darasin watan Janairun 2024 bai kamata a manta da shi ba, lokacin da Najeriya ta dakatar da tantance digirorin Benin da Togo bayan wani ɗan jarida ya bankaɗo yadda ake sayen digiri a Kwatano. Haka nan wanda ya zo da sakamakon WAEC ko NECO, ko takardar makarantar Larabci, zai buƙaci takardar daidaito daga hukumomin Kamaru, da Faransanci mai ƙarfi.

Akwai kuma matsalar da ta fi damun Hausawan zango: takardar haihuwa. Babu konkur da ake shiga ba tare da ita ba. Sunan da aka rubuta Mahamadou a wata takarda, Mohamadou a wata, ko ranar haihuwar da ta saɓa, na iya tsayar da komai. Gyaran yana bi ta kotu kuma yana cin lokaci, don haka tun yaro na aji na ƙarshe a sakandare ya kamata a duba.

Abin da al'umma ke buƙata

Unguwa irin Briqueterie tana da attajirai da malamai da masu sana'a, amma idan maganar takardar fili ta taso, ko rusau irin wanda ya shafi unguwanni da dama na Yawunde a shekarun 2000, ko haraji, ko kaya suka maƙale a tashar jirgin ruwa ta Duwala, sai an nemi wanda ya san doka da lissafi. Mata da yawa sun fi sakewa idan mace ce mai jin Hausa ta duba su a asibiti. Sakatariyar OHADA da hedikwatar babban bankin BEAC duk a Yawunde suke. Bankuna irin su Afriland First Bank sun buɗe sashen hada-hadar kuɗi bisa tsarin Musulunci, wanda ke buƙatar matasan da suka haɗa fiƙihun ciniki da akantar zamani. Duk inda waɗannan ƙwararru za su fito, al'umma na buƙatarsu, maza da mata.

Ba UCAC kaɗai ba ce

A Yawunde akwai Jami'ar Furotesta ta Yankin Tsakiyar Afirka, UPAC, a unguwar Djoungolo, wadda ta tsiro daga tsohuwar tsangayar tauhidi. Cocin Adventist, masu ibadar ranar Asabar, na da jami'ar Cosendai a Nanga-Eboko. A Bamenda akwai wata jami'ar Katolika mai koyarwa da Ingilishi, da aka buɗe a 2010. A Afirka ta Yamma akwai takwarar UCAC mai suna UCAO, da rassa a Abidjan da wasu birane. A Najeriya, biyu daga cikin jami'o'i uku masu zaman kansu da aka fara ba lasisi a 1999, Babcock da Madonna, na Kirista ne. Dokokin waɗannan makarantu ba ɗaya ba ne. Wasu, musamman a Najeriya, suna wajabta wa kowane ɗalibi halartar ibada da zama a ɗakin kwanan makaranta, saboda haka kada a auna wata da mudun wata.

Musulmi ma sun yi nasu yunƙurin. Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta buɗe Jami'ar Musulunci ta Say a Nijar a 1986. Njamena na da Jami'ar Sarki Faisal. A 2005 aka ba da lasisin jami'ar Katsina da ake kira Al-Qalam yanzu, da Al-Hikmah ta Ilorin. A Kamaru, makarantun Musulunci na firamare da sakandare suna da sakatariyarsu ta ƙasa kamar yadda na Katolika da na Furotesta suke da tasu. Abin lura a tarihin UCAC shi ne yadda aka gina ta: shugabannin addini na ƙasashe shida sun haɗa kai, suka nemi yarjejeniya a rubuce da gwamnati, suka fara da tsangayoyi kaɗan, suka ɗora cibiyar kan tsari maimakon kan mutum ɗaya. Al'ummar da ta san waƙafi da zakka, take kuma da 'yan kasuwa daga Duwala har Njamena, ba ta rasa kayan yin irin wannan aiki ba.

Kafin a biya ko sisi

Iyayen da ke tunanin UCAC, ko wata jami'ar coci, su je da ƙafarsu tare da yaron, su nemi kundin dokokin makaranta su karanta. Su tambayi ko akwai taron addini da halartarsa ta zama dole. Su tambayi yadda jadawalin ranar Juma'a yake, domin a Kamaru Juma'a ranar aiki ce, ko da yake Ƙaramar Salla da Babbar Salla ranakun hutu ne na ƙasa. Su tambayi ƙa'idar tufafi da matsayin ɗankwali ko hijabi, musamman a fannin lafiya inda ake sa kayan aiki a asibiti. Su tambayi inda ɗalibi zai yi sallar Azahar da La'asar, da irin abincin da ake dafawa idan zai kwana a makaranta. Amsar da aka samu a rubuce ta fi wadda aka ji a bakin ƙofa.

Zai kuma yi kyau a nemi ɗaliban Musulmi da ke karatu a can ko waɗanda suka gama, ta hanyar limaman unguwa ko ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta CAMSU, a ji yadda suke haɗa karatu da ibada. A nemi sanarwar konkur tun da wuri, a tanadi takardun da aka buga wa hatimi, a kuma yi rajistar jami'ar gwamnati a lokaci guda, domin idan gasar ba ta yi kyau ba yaron kada ya rasa shekara.